Kuɗin farfaɗo da tattalin arziki: ina kason mata?

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, ina so mu tattauna ta cikin natsuwa. Duk sanda tattalin arzikin wata ƙasa ya durƙushe, ko annoba ce ta jawo ko yaƙi ko bashi, gwamnati kan fito da shirin farfaɗowa, kuma jerin kusan iri ɗaya ne kullum: tituna, gadoji, tallafi ga manyan kamfanoni, rangwamen haraji. Ban ce ba su da amfani ba. Amma ku duba su wa ake ɗauka aiki a wurin ginin gada, sannan ku duba su wa suka fi shan wuya da abin ya faru. Alƙaluman Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, sun nuna tsakanin 2019 da 2020, lokacin annobar korona, ayyukan mata sun ragu da kashi 4.2 cikin ɗari, na maza kuwa da kashi 3. Mata ne suka cika otal-otal da shaguna da aikatau, kuma su aka fara rufewa. Da aka rufe makarantu ma, su aka bari da yara a gida.

Ra'ayina shi ne, kuɗin da za a kashe don mace ta koma aiki, yarinya ta zauna a makaranta, jari ne da zai dawo da riba. Kuma abin da mace ta fi rasa, tun kafin bashi ko koyon sana'a, shi ne lokaci. Ina jiran ra'ayoyinku.

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam Malama. Na san rahoton da kike nufi, kuma akwai rabin da ba ki kawo ba. A cikinsa aka ce mata sun rasa ayyuka miliyan 54, maza kuwa miliyan 60. Ashe a ƙidaya maza sun fi asara. Magidanci yana zaune ba aiki, samari sun gama karatu suna zaman kashe wando, sai a ce a ware kuɗi don ƙara mata cikin masu neman aikin da babu shi? A fara tsayar da maigida da ƙafafunsa, gidan gaba ɗaya zai tsaya.

Malama Hadiza:
Gaskiyarka ce a kan lambar, Baban Yusra. Maza sun fi yawa a cikin masu aikin albashi tun farko, shi ya sa ƙidayarsu ta fi. Amma idan ka auna kowa da yawansa, mata ne abin ya fi ci, kuma su suka fi jinkirin komawa.

Dakta Usman:
Bari in sa baki a kan batun "aikin da babu shi", don kuskure ne da ya daɗe yana yawo. Ayyukan ƙasa ba gado ba ne da aka riga aka ƙididdige, wanda in an ƙara magaji ɗaya kason kowa zai ragu. Matar da ta fara samun kuɗi za ta sayi kaya, ta hau mota, ta biya tela, ta biya kuɗin makaranta, kuma duk waɗannan kuɗin hannun wani suke shiga, galibi ma hannun namiji. Lokacin durƙushewa babbar cutar kasuwa ita ce rashin masu saye. Gidan da mutum biyu ke kawo kuɗi ya fi jure girgiza, domin ran da aka sallami ɗaya ba a wayi gari babu komai ba.

Sai kuma inda kuɗin ke tafiya. Esther Duflo, masaniyar tattalin arziki wadda ta samu kyautar Nobel a 2019, ta yi nazarin fanshon tsofaffi a Afirka ta Kudu. Inda kaka mace ce ke karɓa, jikokinta mata sun ƙara nauyi da tsayi. Inda kaka namiji ne ke karɓa, ba a ga irin wannan canjin ba. Irin wannan fahimtar ce ta sa shirin Progresa na Meziko a 1997 da Bolsa Família na Brazil a 2003 suka zaɓi miƙa kuɗin tallafi a hannun iyaye mata.

Baban Yusra:
Dakta, wannan tallafi ne ai. Ni maganar aiki nake yi.

Injiniya Bashir:
Ni tambayata ta lokaci ce. Ana maganar farfaɗowa, wato shekara biyu zuwa uku. Yarinyar da aka sa a aji ɗaya bana sai ta yi fiye da shekara goma kafin ta kawo wa ƙasa komai. Titi kuwa ranar da aka fara shi aka fara biyan lebura, ranar da aka gama manomi ya kai kayansa kasuwa. Ilimin mata abu ne mai kyau, babu mai musu, amma a ajiye shi a kasafin dogon zango. Kada a cusa shi cikin kuɗin gaggawa.

Anti Rabi:
Injiniya, ka yi haƙuri, a nan ne na fi saɓa maka. Gaggawar tana cikin makarantar ne. Titin da ba a yi bana ba za a iya yin sa baɗi, yana nan yana jira. Yarinya mai shekara goma sha huɗu da ta bar makaranta bana, da wuya ta dawo. Yaro namiji kan fita ya yi ɗan buga-buga ya koma aji. Ita kuwa kafin a buɗe makarantar an ɗaura mata aure, ko ta samu ciki, ko ta zama ita ce mai renon ƙannenta don uwa ta fita nema.

An ga haka ƙuru-ƙuru a Saliyo lokacin cutar Ebola. An rufe makarantu kusan wata tara tsakanin 2014 da 2015, 'yan mata da yawa suka samu ciki, da aka zo buɗewa kuma sai gwamnati ta hana masu ciki shiga aji. Sai da kotun ECOWAS ta yanke hukunci a ƙarshen 2019 cewa haramcin ya saɓa wa haƙƙinsu, aka ɗage shi a 2020. Ka lissafa shekarun da aka yi asara. Lokacin korona kuma Uganda ta rufe makarantu kusan shekara biyu, sai Janairun 2022 aka buɗe gaba ɗaya. Idan iyaye suna cikin matsi, kuɗin makarantar ɗa ɗaya kawai suke iya biya, mu duka mun san wanda ake zaɓa. Ɗan tallafin da zai riƙe yarinyar a aji a wannan shekarar shi ne kuɗin gaggawa na gaskiya.

Injiniya Bashir:
Na ji wannan, Anti, kuma na yarda a kan riƙe waɗanda ke ciki. Amma kada a raina titi da famfo. UNICEF ta ƙiyasta mata da 'yan mata na kashe awa miliyan 200 kowace rana wajen ɗebo ruwa. An kuma yi bincike a karkarar KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu, inda aka ga kai wutar lantarki ƙauyuka ya ƙara yawan mata masu aiki, domin lokacin da suke ɓatawa wajen neman itace ya ragu. In lokaci ne Malama take nema wa mata, to mu ma muna cikin masu kawo shi.

Malama Hadiza:
Madalla, Injiniya, a nan mun haɗu. Da za a tambayi mata wane aiki za a fara, da famfo da wuta sun riga babbar gadar cikin birni.

Bari in yi bayanin abin da nake nufi da lokaci. A rahoton ILO na 2018, mata miliyan 606 da suka kai shekarun aiki sun ce abin da ya hana su aiki shi ne hidimar gida da ba a biya: reno, jinya, girki, wanki. Mazan da suka faɗi haka miliyan 41 ne. Mata ke yin sama da kashi uku cikin huɗu na wannan hidimar a duniya. Ba a sa ta a lissafin arzikin ƙasa, amma ran da aka daina yin ta babu ma'aikacin da zai fita.

Yanzu ɗauki mace mai goyo da ɗan shekara uku. An koya mata ɗinki, an ba ta keke, an ɗauki hoto, an rubuta rahoto cewa an tallafa wa mata. Wa zai riƙe yaran? Za ta yi awa ɗaya a kan keken, ta tashi, ta dawo, a haka har mai kaya ya gaji ya kai wa wani. Bayan shekara sai a ce shirin bai yi nasara ba, mata ba su da himma. Alhali ba a taɓa ainihin abin da ya ɗaure ta ba. Claudia Goldin, da ta samu Nobel a 2023, ta bi tarihin aikin mata a Amurka na fiye da shekara 200, ta nuna cewa a yau mafi yawan tazarar albashi tsakanin mace da namiji masu sana'a iri ɗaya tana buɗewa ne daga haihuwar ɗan fari.

Lardin Kwibek na Kanada ya gwada maganin. A 1997 suka fara gidajen reno masu rahusa, dala biyar a rana. Iyaye mata da yawa suka shiga aiki, har wasu masana suka lissafa cewa harajin da gwamnatoci suka samu daga aikin nasu ya rufe kuɗin shirin. Da korona ta zo, gwamnatin tarayyar Kanada ta sa kusan dala biliyan 30 na kuɗinsu a kasafin 2021 don faɗaɗa irin wannan a duk ƙasar, kuma a matsayin shirin farfaɗowa ta kawo shi. Gidan reno yana aiki biyu: yana ɗaukar ma'aikata yau, yana kuma sakin wasu su tafi nasu aikin.

Maman Khalil:
Malama, ni uwa ce, kuma ba kowane gidan reno zan miƙa wa ɗana ba. Shirin Kwibek ɗin ma ai an yi bincike a kansa aka ga wasu yaran sun ƙara rigima da damuwa, kuma masana da dama sun danganta hakan da saurin faɗaɗa shi da wuraren da ba su da inganci. In za a tara yara talatin a ɗaki ɗaya da mai reno ɗaya wadda ita ma ba a biyanta kirki, gara a bar su wajen iyayensu.

Sannan akwai abin da nake so a faɗa a fili. Macen da ta zaɓi zama ta reni 'ya'yanta ba zaman banza take ba, kuma bai kamata a riƙa yi mata kallon asarar ƙasa ba.

Malama Hadiza:
Ko kusa, 'yar'uwa. Ni ce ma nake cewa aikinta ne ke riƙe da sauran ayyuka. Wadda nake magana a kai ita ce mai son fita, ko wadda dole ta sa sai ta fita, mijinta ya rasu ko ba shi da lafiya ko abin da yake samu ba ya isa, amma babu inda za ta ajiye yaro. Irin waɗannan suna fita duk da haka, da goyon a baya, ko su bar wa yarinya 'yar shekara tara renon jariri, ita kuma makarantarta ta tafi kenan. Maganar inganci kuwa na karɓa ɗari bisa ɗari. Mai reno sai an horar da ita, an biya ta albashin da zai riƙe ta.

Alhaji Tanko:
Ni ɗan kasuwa ne, ban iya dogon lissafi ba. Addini bai hana mace neman halal ba, Nana Khadija, Allah ya ƙara mata yarda, attajira ce mai aika fatake. A ba mata jari kawai. Muhammad Yunus da bankin Grameen na Bangaladash ba da ƙananan basussuka ga mata suka samu Nobel a 2006 ba?

Dakta Usman:
Ranka ya daɗe, sun samu, amma abin da aka gano daga baya ya rage zafin murnar. A 2015 aka fitar da sakamakon gwaje-gwaje shida a ƙasashe shida: Indiya, Habasha, Maroko, Meziko, Mongoliya da Bosniya. Bashin ya taimaka wa wasu sun faɗaɗa sana'a, musamman waɗanda dama suna da ita, amma bai fitar da galibin gidaje daga talauci ba. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya ma, a 2010, matsin masu karɓar bashi ya yi tsanani har gwamnatin jihar ta kafa doka ta taka musu burki.

Wani binciken ya fi ɗaure kai. A Siri Lanka an ba masu ƙananan sana'o'i jari kyauta. Na maza riba ta ƙaru sosai, na mata kusan babu canji. Da wasu masana suka sake duba alƙaluman, sai suka ga a gidajen da miji ma yake da sana'a, kuɗin matar yakan ƙare a cikin tasa. Inda ita kaɗai ce mai sana'a a gidan, ribarta ta ƙaru yadda ya kamata.

Zainab A.:
Dakta, wannan ai kowace mace ta san shi ba tare da bincike ba. Kuɗin da ya shigo gida a hannunki, kowa ya san ya shigo. Miji zai ce ara mini, ɗan'uwa zai zo da matsala, ba ki da bakin cewa a'a. Shi ya sa asusun da ke da sunanki ke da muhimmanci. A Kenya binciken da aka yi kan M-Pesa, tsarin aika kuɗi ta wayar hannu, a 2016 ya ƙiyasta mata kusan 185,000 sun tashi daga noman ci zuwa kasuwanci saboda sun samu inda za su ajiye kuɗi su kuma karɓa kai tsaye. A Indiya ma, a jihar Madhya Pradesh, da aka riƙa tura wa mata ladan aikin gwamnati cikin asusunsu maimakon na maigida, aka kuma koya musu amfani da shi, sai suka ƙara fita aiki.

Alhaji Tanko:
'Yata, ba duk maza ne haka ba. Amma na san ana yi.

Zainab A.:
Haka ne Baba, Allah ya ƙara girma. Ban yi jam'i ba.

Ina da ƙorafi kuma ga su Anti Rabi. Kullum ana ce mana ku yi karatu. Mun yi. A Jodan mata sun fi maza yawa a jami'o'i, amma waɗanda ke cikin kasuwar aiki ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba. Takarda kaɗai ba ta buɗe ƙofa. In babu motar da za ki hau cikin aminci, in mai ɗaukar aiki yana tambayarki yaushe za ki yi aure, in doka ta hana ki wasu ayyukan, digirin a akwati zai zauna. Saudiyya ta nuna doka na da tasiri: daga 2017 zuwa 'yan shekaru kaɗan, bayan an ba mata damar tuƙi a 2018 an kuma sassauta wasu ƙa'idojin aiki da tafiya, kason matan ƙasar da ke kasuwar aiki ya tashi daga ƙasa da kashi 20 zuwa sama da 30. Matan nan dama suna da karatunsu, jira suke.

Anti Rabi:
Ban musa ba, Zainabu. Abin ma yana tafiya ta ɓangare biyu. Iyaye suna lura. In suka ga 'yar maƙwabta ta gama sakandare ta samu aiki tana taimakon gida, ba sai an yi musu wa'azi ba. An gwada a wasu ƙauyukan Indiya: aka tura masu sanar da 'yan mata guraben aiki a kamfanonin amsa waya, bayan shekara uku aka tarar 'yan matan ƙauyukan sun fi daɗewa a makaranta, sun kuma jinkirta aure.

Bangaladash ta haɗa duka biyun. A 1994 ta faɗaɗa tallafin kuɗi ga 'yan matan sakandare na karkara, da sharaɗin halartar aji kashi 75, da cin jarrabawa gwargwado, da rashin aure har a kammala. A lokaci guda masana'antun ɗinki suna ta ɗaukar mata. Yau 'yan mata sun fi samari yawa a sakandaren ƙasar, tufafi kuma su ne fiye da kashi 80 na abin da take sayarwa waje.

Baban Yusra:
To a cika labarin, Anti. Ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza a can Bangaladash ɗin ya rufta a kan ma'aikatan ɗinki, mutum sama da 1,100 suka mutu, akasarinsu mata. Kwana ɗaya kafin nan an ga tsagewa a bango, amma aka ce su koma bakin aiki. Abin da nake tsoro kenan tun farko. Wasu masu kiran a fito da mata aiki, arha suke nema, ma'aikaciyar da ba za ta yi gardama ba. Japan ma da firaministanta na lokacin, Shinzo Abe, ya ɗauki batun da ƙarfi daga 2013, mata da yawa sun shiga aiki, amma fiye da rabinsu a ayyukan wucin gadi ne marasa tabbas. Da korona ta zo irinsu aka fara sallama.

Malama Hadiza:
Wannan maganar taka ta fi ta farko nauyi, Baban Yusra, kuma ina tare da kai a kanta. In gwamnati ta ƙirga kawuna kawai ta ce mata kaza sun samu aiki, ba ta tambayi nawa ake biyansu ba, ko akwai hutun haihuwa, ko ginin zai iya rufta musu, to ta ƙara musu nauyi ne a kan wanda suke ɗauke da shi. Shi ya sa nake nacewa a kan fannin lafiya da koyarwa da reno. Kusan biyu cikin uku na ma'aikatan lafiya da kula da mutane a duniya mata ne. Gwamnati ce babbar mai ɗaukar aiki a wurin, ita ke yanke albashi, tana iya gyarawa ba tare da ta roƙi kowa ba. Abin baƙin ciki, idan aka shiga tsuke bakin aljihu don biyan bashi, nan ake fara yanka: a dakatar da ɗaukar malamai, a rage ma'aikatan jinya. Majinyacin da asibiti ya kasa riƙewa gida zai dawo, kuma mace ce za ta ajiye sana'arta ta yi jinyarsa.

Injiniya Bashir:
Ko a ayyukanmu na gini ana iya sa sharaɗi. Dokar samar da aiki a karkara da Indiya ta kafa a 2005 ta tanadi aƙalla kashi ɗaya cikin uku na masu aikin su zama mata, lada ɗaya da na maza, kuma in yara ƙanana sun kai biyar a wurin a ware mace guda ta kula da su a biya ta. A shekaru da yawa mata sun yi fiye da rabin kwanakin aikin. Sashen renon ne aka fi yin sakaci da shi wajen aiwatarwa.

Maman Khalil:
Kullum shi ake yin sakaci da shi. Ni dai sharaɗina yana nan: in ga wurin da idona, in san wadda za ta riƙe mini ɗa, in san an koya mata aikin.

Baban Yusra:
Har yanzu ban gamsu a ce kason mata daban ba alhali samari na zaune. Amma famfo, da tallafin riƙe yara mata a makaranta, da ƙarin malamai da ma'aikatan jinya, waɗannan ba zan yi jayayya da su ba. Dakta, in gwamnati bashi ya riga ya yi mata katutu, daga ina kuɗin gidajen renon zai fito? Kanada tana da masu biyan haraji. Ƙasar da yawancin matanta sana'ar hannu suke yi ba rajista, harajin da zai dawo ya rufe kuɗin ba zai zo da sauri haka ba.

Dakta Usman:
Ba zai zo da sauri ba, gaskiya ne, kuma lissafin Kwibek ba zai hau kowace ƙasa ba. Mafi sauƙin farawa shi ne ƙara ajin share fage na shekara ɗaya ko biyu a makarantun firamaren da suke nan, tunda gini da shugabanci akwai su, malama da kayan aiki za a ƙara. Wannan zai ɗauke 'yan shekara huɗu da biyar. Na ƙasa da shekara uku su ne masu tsada, don mai reno ɗaya ba ta iya riƙe da yawa, kuma a nan ne dole a zauna a yi lissafin wa zai biya nawa tsakanin gwamnati da masu ɗaukar aiki da iyaye.